Amanar Faifan Hajiya Aina'u

Sagir matashi ne mai kaifin basira da daɗin baki. Yana da shagon intanet, wanda ake kira kafe, a Sharaɗa, dab da ƙofar wani kamfanin robobi. Akawuna kan shigo su aika saƙo ga masu sayen kayansu a ƙasashen waje, leburori kuma su zo a duba musu sakamakon jarrabawar 'ya'yansu. Kowa na yabon fara'arsa. Aibinsa ɗaya ne: a wurinsa ha'incin da ba a gani ba bai zama ha'inci ba. A ƙuryar shagon, bayan labule, yana da na'urar kwafar faifai, kuma duk fim ɗin da ya shigo hannunsa sai ya kwafe ya sayar a ɓoye. Idan zuciyarsa ta tsikare shi sai ya ce, "Kowa ma haka yake yi."

A wata shekara, lokacin da kafe-kafe suka cika gari, labari ya bazu cewa an kafa wani kwamiti da zai tsara sabuwar doka. Dokar za ta tilasta wa kowane kafe toshe duk shafin da aka ce a toshe, ba tare da an faɗi dalili ba. Za ta kuma ba da ikon kwashe kwamfutocin shago bisa zargin satar fasaha kawai, tun kafin a je gaban alƙali. Hankalin jama'a ya tashi. Masu kafe da ɗalibai da ma'aikatan kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai suka haɗu suka kafa ƙungiya, suka naɗa Malam Uba, dattijon da ya fi kowa daɗewa a sana'ar, ya shugabance su.

A taronsu na farko Malam Uba ya ce, "Abin da za su riƙe a kanmu shi ne mu ɓarayin wahalar mutane ne. To daga yau har ranar da kwamiti zai saurare mu, kada wanda ya kwafi aikin wani. Wanda ba zai iya ba, ya fita tun yanzu."

Ba wanda ya fita. Sagir ne ma ya fara ɗaga hannu, ya yi jawabin da ya sa aka yi ta tafi. A nan take aka zaɓe shi kakakin ƙungiya.

Babban ƙarfin ƙungiyar shi ne shigowar Hajiya Aina'u, mai shirya fina-finai. Masu kwafa sun sha karya mata kasuwa, don haka kowa ya zaci za ta goyi bayan dokar. Amma ta ƙi. Ta shirya wani sabon fim da ta zuba duk abin da ta mallaka a ciki, hukumar tace fina-finai ta ce ba zai fita ba sai ta cire wani yanki. A yankin, wani tsohon manomi ne yake tsaye a bakin rafi yana yi wa manajan kamfanin jima faɗa a kan baƙin ruwan da ke kashe masa albasa. Babu rawa a wurin, babu batsa. Hajiya ta ce wanda ya hana a ji kukan manomi a fim, gobe zai hana a karanta shi a intanet. Ta nemi izinin nuna yankin a zauren sauraro kaɗai, aka ba ta.

Da kanta ta kawo faifan shagon Sagir, naɗe cikin mayafi.

"Wannan shi ne cikakken fim ɗin, ba a yanke komai ba," in ji ta. "Ka ciro mini wurin manomin nan ka shirya shi don ranar taro. Sagir, ka dube ni. Bayan na gidana babu wani sai wannan. Idan ya fita, cewa za a yi na saki fim ba tare da tacewa ba. Lasisina zai tafi, fim ɗin ya mutu."

"Haba Hajiya, ai kamar a hannunku yake," in ji Sagir. "Ko matata ba za ta gani ba."

"Matarka ba ta dame ni ba. Na'urar bayan labulenka nake tsoro."

Ya yi dariya, ya rantse cewa ya lulluɓe ta tun ranar alkawari.

Bayan 'yan kwanaki Muntari ya zo. Direba ne ɗan Damagaram da ke kawo fatu kamfanonin jima na Challawa, idan zai koma ya sari faifai ya tafi da su. Ya tarar da Sagir yana aiki a kan yankin manomin, ya tsaya a bayansa yana kallo baki buɗe.

"Kai! Wannan sabo ne? Zuba mini shi."

"Ba na sayarwa ba ne. Amana ce."

"Amana a Kano, ba a Damagaram ba," in ji Muntari yana dariya. "Wa ya san Hajiyarka a can? Na tsallake iyaka da shi, shi ke nan an binne. Ko ka zama limami ne tunda aka fara jin ka a rediyo?"

Sagir ya tuna kallon da Hajiya ta yi masa. Ya kuma tuna nisan Damagaram, da kuma cewa taron ya kusa, kafin wani ya ankara an gama komai. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya yaye zanen da ya lulluɓe na'urar.

"Da sharaɗi," ya ce. "Kada ko ɗaya ya kwana a ƙasar nan."

"Wallahi ko mutum ɗaya ba zan nuna wa ba sai na wuce iyaka."

Muntari ya cika alkawarinsa. Abin da Sagir ya manta shi ne, ma'aikata da masu gadi da yawa a Challawa mutanen Nijar ne. Lokacin kuwa hutun Sallah ne, sun tafi gida, kuma duk wanda zai dawo yakan riƙo abin kallo don debe kewa.

Ranar sauraro, da safe, aka tura Sagir Challawa ya taho da ma'aikatan da suka tashi daga aikin kwana, domin a cika zauren da za a yi taron a Bompai. Ya tarar da su a rumfar wani mai shayi, sun yi cincirindo a gaban ƙaramar talabijin, janareta na ta ƙara. Tun kafin ya ƙarasa ya ji muryar da ya sani. Tsohon manomin ne yake faɗa a bakin rafi.

Sagir ya kutsa ya ja mai shayin gefe.

"Ina ka samo wannan?"

"Wani mai gadi ne ya kawo mini tsaraba daga gida. Kullum sai an sa na maimaita wurin tsohon nan."

"Sayar mini da shi. Yanzu. Ko nawa ne."

Mai shayin ya dube shi ya ƙyalƙyale da dariya. "Ka saya ka kai ina? Mai shayin can ma yana da shi. Wasu har a waya sun tura wa juna. Yallaɓai kakaki, kai ne ba ka gani ba?"

A cikin motar da ta kwashe su zuwa Bompai, ma'aikata na ta raha, Sagir kuwa yana ta saƙe-saƙe. Ya san abin da ya kamata ya yi. Ya sami Hajiya kafin a fara, ya gaya mata gaskiya, ta janye nuna yankin, a nemi mafita. A bakin zauren ya gan ta tsaye tare da Malam Uba. Ta yi masa murmushi ta ce, "Kakakinmu, komai ya kammala?"

Ya buɗe baki. Sai ya hango jama'ar da ta taru, da 'yan jarida riƙe da rikoda suna jiran sa. Ya ce a ransa ma'aikatan za su zauna can baya su yi shiru, ba wanda zai sani.

"Komai lafiya lau, Hajiya," ya ce.

Zauren ya cika har waje. 'Yan kwamiti suna zaune a kan dogon teburi. Da aka kira Sagir, ya yi magana mai ratsa jiki. Ya kawo misalin leburan da ya ga sunan 'yarsa a jerin waɗanda suka sami jami'a. Ya ce a hukunta ɓarawo idan an kama shi da hujja, amma kada a rufe wa jama'a taga saboda shi. Ya ce, "Mun yi wa kanmu alkawari, kuma mun riƙe. Ku bincika shagunanmu." Aka yi tafi mai tsawo. Har wasu 'yan kwamitin suka riƙa gyaɗa kai.

Sai Hajiya Aina'u ta miƙe. Ta ce za ta nuna abin da aka hana mutane gani, wanda ba a taɓa nuna wa kowa ba, su yi hukunci da kansu. Aka rufe tagogi, hoton ya fito a jikin bango. Manomin ya ɗaga ruɓaɓɓiyar albasa ya nufi manaja. Kafin ya buɗe baki, wata murya daga baya ta riga shi.

"Ranka ya daɗe, ko za ka ɗanɗana?"

Dariya ta ɓarke a layin ma'aikata. Da tsohon ya ci gaba, sai suka ɗauka gaba ɗaya, suna faɗin kalmominsa tare da shi, wasu har da kwaikwayon tarinsa. Ba mugunta suke yi ba. Su a ganinsu goyon baya suke nunawa.

Shugaban kwamitin ya ɗaga hannu aka tsayar da hoton.

"Kai mai jar hula, tashi. A ina ka san wannan maganar?"

Mutumin ya miƙe yana murmushi. "Ranka ya daɗe, ai duk Challawa mun haddace. Daga Damagaram aka kawo mana."

"Cikakken fim ɗin?"

"Daga farko har ƙarshe."

Shugaban ya juya ga Hajiya. "Kin ce ba wanda ya taɓa gani. Kin fitar da fim ta bayan gida, sannan kin zo kina mana wa'azi?"

Hajiya ta juya a hankali ta dubi Sagir. Malam Uba ya bi idonta da kallo, sannan duk zauren. Sagir ya nemi daɗin bakinsa ya rasa. Ya sunkuyar da kai, wannan kuwa ya ishi kowa amsa.

"Wannan ne kakakinku?" in ji shugaban. "Shi ne ya ce mu bincika shagunanku? To za mu bincika."

A ranar aka je shagonsa, aka tarar da na'urar da ragowar bawon faifai. Aka kwashe kwamfutocin, aka garƙame ƙofar, aka kama Sagir. Kwamitin ya rubuta cewa masu kafe ba za su iya tsare kansu ba, ya ba da shawarar a zartar da dokar yadda take. Ɗalibai da ma'aikata suka janye jiki, domin ba wanda yake son a gan shi a layin da ɓarawo ya ja gaba. Shaguna da dama da ba su taɓa kwafar komai ba suka rufe. An wanke Hajiya daga zargin sakin fim, amma an dakatar da lasisinta saboda sakaci, kuma kafin a ɗage dakatarwar fim ɗin ya gama zaga gari a hannun masu talla.

Da aka ba da belinsa, Sagir ya roƙi Malam Uba ya raka shi gidan Hajiya. Suka same ta a tsakar gida tana haɗa kayan ɗaukar hoto da za ta sayar. Ya durƙusa.

"Hajiya, ku yafe mini. Wallahi ban zaci zai dawo ba."

Ta ajiye abin da ke hannunta.

"Ka ji abin da ka faɗa? Ba ka ce ka yi nadamar ɗauka ba. Dawowarsa ce ta dame ka." Ta ɗago ta dube shi. "A bakin zaure na tambaye ka, Sagir. Da ka faɗa mini a lokacin, da fim ɗina kaɗai na rasa. Mutanen nan da suka bar barci bayan aikin kwana suka zo, da ba su koma da kunya ba. Nawa na bar wa Allah. Nasu kuwa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka roƙa."

Ta juya ta ci gaba da aikinta. Malam Uba ya taɓa kafaɗarsa, suka fito. A ƙofar gida dattijon ya hau babur ɗinsa, bai ce masa ya hau ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda ya tsaya neman wa jama'a 'yanci, wajibi ne ya fara tsarkake hannunsa, domin laifinsa na ɓoye ba shi kaɗai zai ci ba, har da duk waɗanda suka tsaya a bayansa. Ƙin dokar da za ta toshe bakin mutane gaskiya ne, amma ba ya halatta cin gumin wani. Amana amana ce ko ana gani ko ba a gani, a kusa ko a nesa. Idan kuma mutum ya riga ya yi kuskure, ya gaggauta faɗa tun akwai sauran gyara, domin shirun Sagir a bakin zaure ya fi kwafar faifan yin ɓarna.