Direban da Ya Je Sararin Samaniya Neman Gafara

Akwai wani direba a Gidan Rumji mai suna Abdulhadi, wanda ya daɗe yana jigilar 'yan kasuwa zuwa Cadakori. Gwani ne a kan sitiyari, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa ba ya musu. Aibinsa guda ne: bai yarda akwai wanda zai gaya masa hanya ba.

Wata ranar kasuwa cikin damina, ya iso wata ƙorama da ta cika ta batse. Matan da ke cikin motar suka roƙe shi ya dakata ruwa ya ja. Ya dube su ta madubi ya ce, "Ni ke tuƙi ko ku?" Ya danna mota cikin ruwa.

Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Amma motar ta mutu a tsakiyar ƙorama, kayan mutane suka bi ruwa, iyaye mata masu mutunci suka fito jiƙe sharkaf a gaban jama'a. Sandikar direbobi, wato ƙungiyarsu, ta zauna ta cire shi daga layi. Shi kuwa bai ba kowa haƙuri ba. Cewa ya yi ruwan ne ya zo da ƙarfi.

Tun daga nan sunansa ya koma Direban Kifi. Ba mai ba shi mota, ba mai son shiga bayansa. Da safe in ya ji ana kiran fasinja a tasha, sai ya juya tabarmarsa ta fuskanci bango.

Ana nan, ɗiyar ƙanwarsa Farida, malamar lakol, wato makarantar boko, ta zo gaishe shi. Ita da abokan aikinta suna shirya wasan kwaikwayo mai dogon zango don wani gidan talabijin. Labarin wani zamani ne mai zuwa, inda mutanen ƙasarmu suka ɗebi irin gero suka shiga jirgi za su yi noma a tauraruwar Zara. Matuƙin jirgin, Kaftin Tala, mutum ne mai girman kai, wanda ya ƙi jin shawara ya kutsa da jirgin cikin guguwar duwatsu.

"Kawu, muna neman wanda ya iya zama gaban sitiyari," in ji ta.

"Jirgin yana da taya?"

"Ba shi da ita."

"Burki fa?"

"Kawu, a sararin samaniya wa za ka kaɗe?"

"To wannan ba tuƙi ba ne, zama ne." Sai ya harare ta. "Shi Kaftin ɗin, a ina kika san shi?"

"Ban san kowa ba, Kawu. Labari ne."

Washegari ya riga kowa isa wurin.

Jirgin nasu gangar jikin wata tsohuwar motar kasuwa ce, aka lulluɓe ta da kwano, aka shafa fenti, aka jera mata ƙananan fitilu. Abdulhadi ya sa hular kwano da riga mai walƙiya, ya kama sitiyari, hannunsa ya tuna aikinsa. Da aka fara nuna wasan, mutane suka riƙa cincirindo gaban tele da wayoyi daga Gidan Rumji har Sae Sabuwa. Kowa ya yaba yadda ya iya fitowa a mai taurin kai. Wasu suka ce ai wannan ko koya masa ba a yi ba.

Sai aka zo kashin da Kaftin zai nemi gafarar matafiya. Abdulhadi ya ce a tsallake shi.

"Magana ɗaya ce, Kawu," in ji Farida. "Za ka ce, 'Ya ku matafiya, ni na kai ku cikin guguwa, ku yafe mini.' Kuma ba kai ke faɗa ba, Kaftin ne."

Da wannan sharaɗi ya yarda.

A cikin labarin, matafiya barci suke yi tun farkon tafiya, saboda haka ba a taɓa nuna su ba sai a wannan kashi. Farida ta aika kasuwa cewa duk mai son fitowa a tele ta zo. Mata suka zo da yawa, Inna Lami mai wake a gaba, Mansura mai daddawa na biye. Aka ɗora musu huluna masu ƙyalli a kan kallabi, aka ce kowace ta zauna inda ta ga dama.

To, macen kasuwa ba ta zama inda ta ga dama a mota. Kowace tana da mazauninta da aka san ta da shi. Inna Lami ta shige gaba ta kama gefen taga. Mansura ta zauna bayan direba. Sauran ma kowace ta nufi gurbinta, ba wadda ta tambayi wata.

Abdulhadi ya shigo ya zauna. Aka ce a fara ɗauka. Ya miƙa hannu ya gyara madubi, kamar yadda kowane direba ke yi kafin ya tashi mota. Sai ya gan su. Matan nan ne da ya ɗauko ranar ƙorama, kowace a inda take zaune a ranar, suna kallon ƙeyarsa.

Maganar Kaftin ta ɓace masa.

Ya cire hular kwano ya ajiye. Ya sauko, ya zagaya ƙofar Inna Lami, ya durƙusa.

"Inna Lami, Mansura, da ku duka. Kun ce in dakata ruwa ya ja, na ƙi. Na jefa ku cikin ƙorama, na ɓarnatar da kayanku, na kunyata ku a gaban mutane. Ba laifin ruwa ba ne, laifina ne. Ku gafarce ni."

Mai riƙe da kyamara ya raɗa wa Farida, "Malama, babu ƙorama a sararin samaniya."

"Ci gaba da ɗauka," in ji ta.

Inna Lami, wadda ta san shi tun yana goye a bayan uwarsa Amina, ta leƙo ta taga, hular ƙyalli ta karkace mata. "Tsaya tukuna. Wa ke magana, Kaftin ko ɗan Amina?"

"Ɗan Amina ne, Inna."

"Madalla. Da Kaftin ne, sai na tambayi Farida abin da zan ce. Ɗan Amina kuwa na yafe masa duniya da lahira. Tashi, kada ka ɓata rigar mutane."

"Ni ma na yafe," in ji Mansura. "Amma ka sani, kifin ƙoramar nan har yau miyar daddawata yake sha."

Mota ta kaure da dariya, wata daga baya ta rangaɗa guɗa. Abdulhadi yana dariya yana share ido da hannun rigar Kaftin.

Haka aka nuna kashin, ba a yanke komai ba. A Sae Sabuwa har gardama aka yi ko akwai ƙorama a hanyar Zara. Wani dattijo ya ce cikin ikon Allah me zai hana.

Bayan an nuna, shugaban sandika, Sha'ibu, ya aika a kira Abdulhadi buro, wato ofishinsu. Abdulhadi ya shiga da sallama, ya tsaya har sai da aka ce ya zauna.

"Mun ga tele," in ji Sha'ibu. "Kana tsammani don mota ta mutu muka cire ka? Wane ne a cikinmu mota ba ta taɓa mutuwa a hannunsa ba? Maganar nan kawai muke jira daga bakinka. Ga tasha a ƙofar gidanka, amma sai da ka je wata duniya ka ɗauko ta."

"Hanyar ce da nisa, shugaba."

"To ka dawo lafiya. Ranar kasuwar Cadakori, kai ke da layin farko."

Ranar kuwa, kafin ya gama duba taya, motarsa ta cika.

Darasi: Kuskure ba ya zubar da mutuncin mutum kamar yadda ƙin amsa shi ke zubarwa. Wanda ka ɓata wa, sau da yawa ba ramuwa yake jira ba, "ka yafe mini" yake jira, kuma faɗarta ba ta rage wa kowa daraja. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokan arziki, wataƙila akwai wanda kalmar ta maƙale masa a maƙogwaro.