Tukunyar Faki Cike Take

Akwai wani mai nutso a nan tsibirinmu na Pemba, Makame. Shi da ƙaninsa Faki suke goya tukunyar iska su shiga ƙasan teku kamun manyan jatan lande.

Makame na son Faki kamar ransa, sai dai irin son nan ne na wanda ba ya yarda ƙani ya girma. Faki har ya aje iyali, amma kullum sai yayan ya kai hannu bayansa ya buɗe masa makunnin tukunya.

Al'adar masu nutsonmu ita ce a murɗa makunnin ya buɗe har ƙarshe, sannan a ɗan dawo da shi baya don kada ya cije.

Ranar nan suna cikin kwalekwale, Faki ya ce, "Yaya, yau na buɗe da kaina. Bari in ja numfashi in ga ko allurar agogon awon iskar za ta motsa."

"Kai da agogonka, sai ka ce ɗan yawon buɗe ido," in ji Makame yana dariya. "Ni na koya maka iyo. Juyo nan."

Yana zolaya yana murɗawa. Bai lura ba, makunnin da ke buɗe ya rufe ruf, sannan ya ɗan dawo da shi kamar kullum. Faki ya so ya duba, ya ji nauyin yayansa, ya fasa.

A saman ruwa, 'yar kafar iskar da ta buɗe ta isa numfashi. A can ƙasa kuwa ba ta isa. Suka nutsa. Da Makame ya waiwaya, Faki ya riga ya saki jiki.

Ya fito da shi, ya yi duk abin da ya sani, amma rai ya yi halinsa. Sai ya taɓa makunnin. Ya murɗa, ya ga yana ta buɗuwa, yana ta buɗuwa.

Wallahi ko yanzu na tuna sai zuciyata ta karye. A bakin gaɓa mahaifiyarsu ta riƙe hannun Makame ta ce, "Iskar ce ta ƙare masa, ko?"

Makame ya durƙusa a gabanta. "Cike take, Mama. Hannuna ne."

Darasi: Ƙauna ba ta hana kuskure. In na ƙasa da kai ya ce bari ya duba, ƙyale shi ya duba. Ku tura wa duk wani babban yaya da kuka sani.