Ƙafafun Iya Hansai

Ku matso ku ji wannan, in na gama ku raba mini gardama.

Iya Hansai mai daddawa ta shekara tana ciwon baya, tana cewa dakan kalwa ne. Sannu a hankali ƙafafunta suka yi nauyi, har takalmi kan zame mata a hanya ba ta sani ba. Salla ta koma yi a zaune, wannan kuwa ya fi ciwon damunta. Roƙonta ɗaya, Allah Ya sa ta sake kai goshinta ƙasa.

Ta aika wa ƙaninta Ɗanjuma wanzami ya zo ya yi mata ƙaho. Kafin ya buɗe zabira ya mintsine ta a ƙafa, ko gezau ba ta yi ba. Sai ya rataya zabirarsa.

"Yaya, wannan ba mataccen jini ba ne. Ba zan tsaga ki ba, asibiti za mu."

"Kai da na goya za ka koya mini ciwo?"

Sai Ɗanjuma ya tafi neman mota.

A asibiti likita ya tambaye ta ko tana iya riƙe fitsari. Kunya ta rufe ta, ta ce lafiya lau. Matar ɗanta Ladidi, wadda ko ido ba ta haɗawa da ita, ita ke wanke mata zannuwa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Iya, ki yafe mini. Likita, mako uku ke nan ba ta riƙewa." Likita ya ajiye takardar maganin da ya fara rubutawa, ya ce a ɗauki hoton bayan a ranar. Aka ga ƙari yana danne laka. Ba mai yaɗuwa ba ne, amma likita ya ce da an ƙara jinkiri da ƙafafun sun tafi. Aka yi tiyata aka cire shi, alhamdu lillahi.

Da ta dawo gida sai tsoro ya zaunar da ita, ta ƙi motsa jikin da aka koya mata. Duk gidan ba mai iya yi mata dole. Sai taubashiyarta Azumi ta tare a ɗakin. Kullum da hantsi ta tsaya mata a ka: "Tashi, baiwata! Ni na taɓa ganin baiwa a kwance, uwargijiyarta a tsaye?" Iya Hansai ta zage ta, ta yunƙura don ta rama, Azumi ta ja da baya taku ɗaya. Washegari taku biyu. Haka suka yi wata huɗu.

Ranar wata Juma'a Iya Hansai ta yi azahar a tsaye, ta daɗe a sujada. Da ta sallame ta ɗauko dardumar da ta riƙa salla a zaune a kai, ta ce wanda ya fi taimakonta za ta ba, ya riƙa samun ladan tunawa da ita. Har yau dardumar na naɗe a kan akwati.

To, Ɗanjuma, Ladidi ko Azumi, wa za ta miƙa wa?