Maganaɗisun Rana da Ƙofar Hakimi

Wai wani hakimi ya kafa ƙatuwar ƙofar ƙarfe a kan magudanar ruwa, ambaliya ta ci gidajen talakawa. Gogan naka ya ce a waya ya ji maganaɗisun rana ne ya karkace, shi ya jawo ambaliyar.

Ya kira Nomau maƙeri: "Daidaita shi kafin Juma'a, ko ka bar mini gari!"

"Ranka ya daɗe, me maganaɗisu ke ja?"

"Ƙarfe mana, sakarai!"

"To kaf garin nan babu ƙarfe kamar ƙofarka. Ita ta karkato shi."

"Ƙarya! Ina rana, ina ƙofata?"

"In rana ba ta iso ƙofarka ba, yaya ta iso gidajenmu? Laifin ƙofar ne ke nan. Dogari, miƙo guduma!"