Kalmar da Waziri Mamuda Ya Fassara

A zamanin da, a wata masarauta, ciwon gudawa ya addabi birni har ya fara ɗaukar rayuka. Wani baƙon matafiyi mai magana da Ingilishi ya leƙa rijiyar gari, ya zo fada, ya nuna tulun ruwa ya ce sau uku, “Boyil.” Kashegari ayarinsa ya wuce.

Sarki ya dubi Waziri Mamuda, wanda ya shekara ashirin yana cewa babu harshen da ya gagare shi. Shi kuwa bai taɓa jin kalmar ba. Sai ya gyara rawani ya ce, “Ranka ya daɗe, ma'anarta guba. An zuba wa rijiya guba.”

Aka kama Tanimu mai gadin rijiya, aka sa Asabar ranar sare kansa.

Ran Alhamis sai ga Gwamma, tsohuwar da ta yi wa baƙon girki kwana tara a masauki, ta faɗi gaban sarki.

Ta ce, “Allah ya ja zamaninka, ni ban yi karatu ba. Amma kullum safiya yakan nuna tukunya ya ce boyil. Na ɗumama ruwa, ya girgiza kai. Sai da ya ga yana tafarfasa ya yi murmushi, da ya huce ya sha. Haka ya ce da ƙwai, haka da madara. Naman da na gasa kuwa bai taɓa ce masa haka ba. In guba ce, wane mahaukaci ke roƙon ta a karin kumallo?”

Sarki ya ce, “Waziri?”

Mamuda ya dubi Tanimu ɗaure cikin mari. Ya kwance rawaninsa da hannunsa ya ajiye a ƙasa, ya ce, “Ban san kalmar ba, ranka ya daɗe. Kunyar faɗin haka ce ta sa na kusa kashe bawan Allah.”

Sarki ya sa aka saki Tanimu. Ya kuma umarci waziri ya ɗauki tukunya, ba rawani, ya bi gari gida-gida yana shelar a tafasa ruwa kafin a sha, yana faɗin wadda ta koya masa. Cikin wata guda ciwo ya lafa.

Gidan Tanimu waziri ya bari sai ƙarshe. Matar gidan ta miƙo masa tafasasshen ruwa a ƙwarya. Ya durƙusa ya sha, bai iya ɗaga ido ba.