Agogon da ke Bakin Zanen Inna Tabawa

Ku matso kusa, yau da shari'a na zo muku, ku ne kuma alƙalan.

A wani ƙauye na ƙasar Gombe akwai wata tsohuwa, Inna Tabawa, mai 'ya'ya uku: Barau, Lantana da Ɗantala. Kowa da gidansa, ita kuwa ta ce ba mai raba ta da ɗakin da mijinta ya bar ta.

Barau, babban, yana aiki a wani birni mai nisa. Shi ya kawo mata agogon zamani, ya haɗa shi da asusun da yake zuba mata kuɗin cefane.

"Inna, ko sisi ba sai kin riƙe ba. Ki kara shi a jikin na'urar mai kanti, kin biya ke nan."

Aka yi ta masa dariya, har da ni. Inna ta ce tunda kuɗi ne, wurin kuɗi zai zauna. Ta ƙulle shi a bakin zane tare da goronta, ba ta taɓa ɗaura shi a hannu ba.

Ranar nan tana cirar ciyawa a gona, kububuwa ta sare ta. A asibitin ƙaramar hukuma aka ce allurar dafin ta ƙare, sai a wani kantin magani a birnin da ke kusa, kuma jini ya fara zuba daga dasashinta. Kuɗin hannun Lantana da Ɗantala bai kai ba. Barau ya yi ta ƙoƙarin turowa ta waya, abu ya ƙi tafiya. Mai jiran kantin kuma, da aka kira shi a waya, ya ce shi ba a ba shi ikon ba da bashi ba.

Sai Lantana ta durƙusa ta kwance bakin zanen uwarta. Ashe duk ranar da ta zo yi wa Inna kitso sai ta sa wa agogon caji, ba wanda ya sa ta, kuma ita kaɗai ta haddace lambobin buɗe shi. Ta ɗaura wa ƙanenta, ta buɗe.

"Ɗantala, kada ka cire shi, zai kulle."

Ɗantala ɗan acaɓa ne, wanda Inna ke yi wa faɗan gudu kullum. Ya kama hanya, ya tarar ruwa ya cinye gada, motoci sun yi cirko-cirko. Ya bar babur a gaɓa, ya shiga ruwa har ƙirji, hannun agogon a sama, ya tsallake, ya ari wani babur. A kanti ya kara hannunsa, na'ura ta yi ƙara, aka miƙo allura. Haka ya sake ratso ruwan.

Inna ta tashi. Amma likita ya ce zaman kaɗaici ya ƙare mata, kuma kowanne cikin ukun ya gyara ɗaki yana roƙo. Tsohuwa ta yi kuka, don ta san duk wanda ta bi, biyu za su kwana da ciwon rai.

Ba don Barau ba, babu agogo, babu kuɗi. Ba don Lantana ba, mataccen ƙarfe za a tarar a ƙulle da goro. Ba don Ɗantala ba, allurar tana can a kanti.

To, ku faɗa mini, gidan wa ya kamata Inna Tabawa ta koma?