Wutsiyar Ofosum Rabi Gashi Rabi Fata

Dalilin da ya sa wutsiyar Ofosum take rabi gashi rabi fata, yara, ku matso ku ji. Ofosum wata 'yar dabba ce mai laushin gashi kamar ulu, a can kurmin Amurka ta Kudu. Fuskar ɓera gare ta, hannu na biri, amma ba ta haɗa dangi da ko ɗaya ba, tunda ita kafin goyon baya, a jakar cikinta take fara renon 'ya'yanta.

A da a ƙasa take zaune, wutsiyarta buzu-buzu har baki. Sunanta Tabawa, kuma wajen son kwalliya ba a kama ƙafarta. Ran nan za ta gidan suna, ta taje wutsiya, ta lafta mata mai har tana ƙyalli. Ta kwashi 'ya'ya ta fito ke nan, kogi ya yi ambaliya, ruwa ya taso yuuu!

Ɓeraye suka ɗare kan suri. "Ku ɗan gusa mana!" in ji Tabawa.

"Baiwar Allah, da wannan hannun? Nemi birai."

Ta ruga ta kama itace. Wani tsohon biri ya leƙo daga sama. "Fuskar ɓera? Babu wuri!"

Sai ga wani siririn reshe can gefe. Tana hawa, autanta ya suɓuce, tsulum cikin ruwa! Ta naɗa wutsiya a reshe don ta zuro ta kamo shi, wutsiya ta zame suluɓ. Kai, mai ya yi mata tsiya! Ga auta yana ta kiran "Inna!", ruwa na jan sa.

Hankalin Tabawa ya tashi. Ta daka wa sauran tsawa: "Ku fige min gashin wutsiyar nan!"

"Inna, kwalliyar taki?"

"Ku fige, na ce!"

Suka hau figa da haƙori, gashi na tashi. Sun kai rabi ta ce ya isa. Ta naɗa fatar a reshe, ta kama cak! Ta zuro kai ƙasa, ta cafko auta ta kunne, ta wurga shi baya. Wayyo daɗi! Har tsohon birin nan sai da ya tafa.

Shi ya sa har yau rabin wutsiyarta babu gashi, kuma ta koma zama can ƙololuwar itatuwa, tana shan 'ya'yan itace da ruwan fure. Ni abin da ke ba ni tausayi, yanzu masu gatari na ta sare kurmin. Ta yi dabarar ruwa, yara, amma in babu reshe, a ina za ta naɗa wutsiyar?